Ilimin lissafi ya zama kyauta: Ina rabon Kumasi da Suame Magazine?

Duk mai walda a Suame Magazine ya san cewa firam mai kusurwa huɗu yana saurin karkacewa sai an gitta masa ƙarfe na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa. Tun a 1864 James Clerk Maxwell ya ba da ƙa'idar: a shimfiɗaɗɗen firam, a ninka yawan mahaɗai sau biyu a cire uku, abin da ya saura shi ne mafi ƙarancin ƙarafan da ake bukata. Wannan yana cikin ilimin ɗigo da layi, wanda Leonhard Euler ya soma a 1736, da kuma reshen da ake kira matiroyid, wanda Hassler Whitney ya assasa a 1935 don tantance abin da ya zama dole da abin da ya zama ƙari a cikin tsari. Da wannan ilimi ake gano hanya mafi araha ta haɗa garuruwa da wayar lantarki ko bututun ruwa.

Fannin bai tsaya cak ba. A 2013 Jim Geelen da Bert Gerards da Geoff Whittle suka sanar da warware hasashen Rota, wanda ya gagari masana tun 1970. A 2022 kuma June Huh ya sami lambar Fields, wadda ke cikin mafi daraja a lissafi, saboda ayyukan da suka haɗa da na matiroyid. Babbar maƙalarsa da Karim Adiprasito da Eric Katz ta fito kyauta a rumbun arXiv na intanet a 2015, shekara uku kafin mujalla ta buga ta.

Abin lura shi ne, masana wannan fanni suna sahun gaba wajen ƙwato ilimi daga hannun manyan kamfanonin ɗab'i. Tun 1994 suka kafa Electronic Journal of Combinatorics, wadda ba ta karɓar ko kwabo daga mai karatu ko marubuci. A 2012 Timothy Gowers ya jagoranci ƙaurace wa kamfanin Elsevier saboda tsada, dubban masana suka sa hannu. A 2017 editocin wata mujallar Springer suka yi murabus suka kafa Algebraic Combinatorics, a 2020 kuma na wata mujallar Elsevier suka bi sahu suka kafa Combinatorial Theory.

To, ina ruwanmu? Ɗakunan karatu na jami'o'inmu da kuɗin waje suke sayen mujallu, kuma kowa ya tuna yadda sidi ya faɗi a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Su kuwa kamfanonin, da matsi ya yi yawa sai suka sake dabara: karatu kyauta, amma marubuci ya biya. Mujallar Nature ta yanka Yuro 9,500 a kan maƙala guda a 2021. Ko da ana yi wa wasu ƙasashe rangwame, bai kamata malamin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ya dogara da alfarma ba kafin duniya ta ga aikinsa. Don haka tsarin da babu wanda ke biya, jami'o'i suna ɗaukar ɗan nauyin gudanarwa, shi ne ya dace da mu.

Sai dai kyauta ba ta zuwa har gida. Na farko, wajibi ne kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu su riƙa auna mujalla da ingancin editocinta da tsananin tacewarta, don kada malami ya ji tsoron bugawa a irin waɗannan mujallu, kada kuma mujallun bogi masu karɓar kuɗi su rufe shi. Na biyu, ƙungiyar ɗakunan karatu ta CARLIGH, wadda ke sayen mujallu a madadin jami'o'in Ghana, ta ware wani abu don tallafa wa masu bugawa kyauta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku shi ne kai ilimin inda aiki yake. A 1980 cibiyar tuntuɓar fasaha ta jami'ar ta buɗe sashe a cikin Suame Magazine don kusanto injiniyoyi da maƙera, don haka turbar ba sabuwa ba ce. Muna kira ga malaman lissafi su tura ɗalibansu su yi nazari a kan cunkoson shataletalen Suame da layukan wuta na garejoji, su buga sakamakon inda kowa zai karanta, sannan su bayyana shi da Hausa da Tiwi ga masu sana'a. In ba haka ba, ƙofa ce a buɗe amma ba mai shiga. Allah Ya sa masu abin su ji.