RA'AYINMU: Mun San Yadda Naira Ta Kwana, Ba Mu San Sukarin Jininmu Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a Ɗan Isa, ko Ƙonni, ko Magarya ranar jajibirin kasuwa ya san cewa abin da ɗan kasuwa yake fara tambaya da sassafe shi ne, yau nawa naira ta kwana? Kafin ya kurɓi shayi ya riga ya san abin da jaka ɗaya ta sefa take kamawa, ya san kuɗin buhun wake a Dawanau, ya san abin da za a nema wurinsa a duwan. To amma ka tambayi wannan bawan Allah sukarin da ke cikin jininsa nawa ne, sai ya yi dariya, ya ce da kai lafiyarsa lau, ai yanzun nan ya gama sauke mota guda. Wannan dariyar ce ta sa muka ɗauki alƙalami yau.

A shekarar 2021 ƙungiyar duniya mai kula da ciwon sukari, wato IDF, ta ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da wannan ciwo a faɗin duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankinmu na Afirka. Abin da ya fi tayar mana da hankali a cikin lissafin shi ne, kashi 54 cikin 100 na masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba, kuma babu yankin da ya kai mu yawan wannan rashin sani. Ma'ana, in masu ciwon su goma suka zauna a rumfa ɗaya, fiye da biyar za su rantse maka lafiyarsu ƙalau, kuma ba ƙarya suke yi ba, iyakar saninsu ke nan.

Bari mu faɗi yadda abin yake da harshen kasuwa. Tuwo, shinkafa, fura, burodi, masa, duk in sun shiga ciki suna narkewa su koma sukari, jini ya ɗauka ya zagaya da shi jiki domin gaɓoɓi su samu ƙarfi. Amma sukarin ba ya shiga tsoka sai da wani sinadari mai suna insulin, wanda wata halitta da ke bayan tumbi take samarwa. Insulin shi ne mai riƙe da mabuɗin mangaza. In ya yi ƙaranci, ko kuma ƙofar ta daina jin mabuɗin, sai kaya su taru a bakin hanya, ciki kuwa wayam. Haka sukari yake taruwa a jini yayin da jiki yake kukan yunwa da gajiya. Kuma kamar yadda kayan da aka jibge a hanya suke lalata ta, haka wannan sukari yake cin ƙananan jijiyoyin ido, da na ƙoda, da na ƙafa, da na zuciya, sannu a hankali, shekara da shekaru, ba tare da wani zafi da zai sa mutum ya ruga gidan likita ba.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Matsalar ita ce kowace ɗaya muna da uzurin da muka tanadar mata. Mutum yana shan ruwa kamar raƙumi ƙishirwa ba ta yankewa, sai ya ce zafin bazara ne, alhali ko cikin hunturu haka yake. Yana tashi fitsari sau huɗu sau biyar cikin dare, a kan hanya kuma yana ta roƙon direba ya tsaya, sai ya ce ai ruwan da ya sha ne. A nan ma ya juya maganar. Ƙoda ce take ƙoƙarin zubar da sukarin da ya yi yawa, tana jan ruwan jiki tare da shi, shi ya sa ƙishirwar take biyo baya. Yana ci da kyau amma yana ramewa, riga tana yi masa yawa, sai a ce asara ce ta taɓa shi, ko tunanin bashi, ko kuma a fara raɗe-raɗin wani ciwo daban. Gajiya kuwa ba a ma lissafa ta, wa ya taɓa zuwa Kano ya dawo bai gaji ba? Ido ya fara hazo, lambobin takarda suna haɗewa, sai a sayi tabarau a kan tire a ci gaba da harka. Tafin ƙafa yana zafi da dare kamar an zuba barkono, ko yana mutuwa har takalmi ya zame mutum bai ji ba, sai a ce sanyi ne. Ƙurji ya fito ya ƙi warkewa, maruru wannan na bin wancan, sai a ce jini ne ya ɓaci.

Akwai biyu da kunya take rufewa, amma jarida ba ta da amfani in ba ta faɗe su ba. Magidanci ya ga ƙarfinsa ya ragu a wajen iyali, sai ya nufi mai maganin basir, ya yi shekara yana shan jiƙe-jiƙe. Mace kuma tana fama da ƙaiƙayin gaba da yake tafiya yana dawowa, sai a ce sanyin mata ne. Ba mu ce duk mai wannan yana da ciwon sukari ba, amma sau da yawa ta nan yake fara sallama, kuma ba a amsa masa.

Wasu dattawa za su ce ai akwai awo na gida, in kiyashi ya taru a inda mutum ya yi fitsari to sukari ne. Gaskiya ne, mutanen da sun lura da haka. Sai dai ƙoda ba ta fara zubar da sukari cikin fitsari sai ya kai wajen 180 a ma'aunin likita, alhali ciwon yana tabbata tun daga 126 in an auna mutum kafin ya karya kumallo. Wanda ya zauna jiran kiyashi, ya ba ciwon ratar da ba a san iyakarta ba. Kuma da yawa daga masu nau'in da ke kama manya ba sa ganin alama ko ɗaya na tsawon shekaru.

A gidan rediyon da muke aiki mun san wani dillalin dabbobi, mutum mai ƙiba da fara'a, wanda kusan kullum yake bugo waya a shirin gaishe-gaishe. Ƙusa ta soke shi a kara, bai ji ba sai da yaronsa ya ga jini a takalmi. Aka wanke, aka ɗaure, aka shafa abin da aka shafa, ya ci gaba da cin kasuwa har mako uku. Ranar da wari ya sa aka kai shi gidan likita, ranar ce aka fara auna sukarinsa a rayuwarsa, yana da shekara hamsin da wani abu. An ceci ransa, ba a ceci ƙafar ba. Da muka je gaishe shi, abin da ya fi maimaitawa shi ne ya shekara uku yana tashi fitsarin dare, kuma ko sau ɗaya bai kawo komai a ransa ba. Kuɗin aikin da na jinya sun cinye jarin da ya yi shekara ashirin yana tarawa, yanzu ƙaninsa ne ke riƙe da gidan.

Su wa ya kamata su fi damuwa? Wanda uwa, ko uba, ko ɗan'uwa na jini yake da ciwon. Wanda ya ajiye tumbi. Mai hawan jini, wanda a nan muka fi kira tansiyo. Macen da ta taɓa haihuwar jaririn da ya wuce kilo 4, ko aka ce mata sukarinta ya hau lokacin goyon ciki. Da duk wanda ya haura shekara 35 zuwa 40, ko da yana jin kansa garau. In muka dubi zamanmu da idon gaskiya, kasuwa ta tara mana kusan duka. Wanda Allah ya buɗa wa ya daina ɗaukar kaya, ya daina tafiya a ƙasa, daga mota sai kujera. Shayi zagaye uku, kowane da sukarinsa. Baƙo ya zo a aiko da lemun kwalba, kwalba guda kuwa ta ƙananan tana ɗauke da sukari wajen giram 35. Muna kallon ƙiba a matsayin shaidar arziki, har mata da ƴanmata suna sayen ƙwayoyin ƙiba a hannun masu talla, irin su dexamethasone, maganin da likitoci suka san yana tayar da sukarin jini. Duk da haka kada siriri ya ce ya tsira, ko talaka ya ce ciwon masu kuɗi ne. Gado ba ya duba aljihu.

Yara ma suna da nasu nau'in, kuma shi ba ya jira. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana ramewa cikin ƴan makonni, a auna shi a ranar. In ya kai ga amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama da magagi, babba ne ko yaro, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne.

Shi awon kansa ba wani abu ba ne. Ana soka ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan wani ɗan tsinke, na'ura ta nuna lamba cikin ƙasa da minti ɗaya. Wanda ya fi inganci shi ne na safe, bayan mutum ya yi awa 8 bai ci komai ba. Ruwa zalla ba ya ɓata shi, amma shayi da koko da goro a bar su sai an gama. In lambar ta fito sama, likita zai tura mutum ɗakin awo a ɗebi jini a hannu, ko a maimaita wata rana, domin ba a yanke hukunci da awon yatsa guda. Akwai kuma wani awo mai suna HbA1c da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku, 6.5 ko fiye shi ne ciwo, sai dai mai sikila ko ƙarancin jini ya gaya wa likita, domin a wurinsu yana iya ba da lambar da ba daidai ba.

A nan ne mu mutanen iyaka muke da wata matsala tamu ta daban. Ɗakunan awo na wannan ɓangare sun saba rubuta sakamako da giram a lita, irin na Faransa. In ka tsallaka Katsina ko Sakkwato ko Kano, sai a rubuta maka da wani ma'aunin, mmol ko mg. Mutum ya auna a Maraɗi a ce masa 1,40, bayan wata biyu ya auna a Jibiya a ce masa 7.8, sai hankalinsa ya tashi ya ce sukarinsa ya ninka sau biyar, alhali lamba ɗaya ce. Wani kuma akasin haka, a ce masa 11 a can, ya dawo nan a ce masa 2, ya yi murna ya ce maganin mai lasifika ya yi aiki. To ga canjin, kuma shi ba ya hawa ba ya sauka: 7 a ma'aunin mmol daidai yake da 126 a mg, daidai yake da 1,26 a giram. Ka ninka mmol sau 18 ka samu mg, ka raba mg gida 100 ka samu giram. Awon safe da ya kai wannan iyaka ko ya wuce ta, aka maimaita ya tabbata, ciwon sukari ne. Daga 1,10 zuwa 1,25 mutum yana bakin ƙofa, kuma rage ƙiba da tafiya a ƙasa suna iya mayar da shi baya. In kuwa an auna a kowane lokaci na yini aka samu giram 2, wato 200 ko 11.1, ga kuma alamomi, magana ta ƙare. Kada a karɓi lamba da baki. A sa a rubuta ta a takarda tare da ma'auninta da kwanan wata, a ajiye ta inda ake ajiye takardun mota.

Mun san abin da yake hana mutane. Wasu suna cewa gara ban sani ba, in na sani tunani zai kashe ni. Wasu suna tsoron a hana su tuwo, ko a ɗora su kan allura har mutuwa. Amsarmu ita ce ciwon ba ya jiran izinin mai shi, da sani da rashin sani yana aikinsa. Wanda aka gano da wuri, sau da yawa gyaran ci da motsa jiki da ƙwaya irin metformin suna riƙe shi shekaru masu yawa, yana kasuwarsa yana tafiye-tafiyensa. Ba a warkewa daga gare shi kamar yadda ake warkewa daga masassara, lallaɓa shi ake yi. Saboda haka duk mai lasifikar da ya ce zai tumɓuke shi da kwalba uku, kuɗinku yake so. Mu ma ƴan rediyo muna da laifi a nan, domin da bakinmu ake karanta wasu daga cikin waɗannan tallace-tallace, kuma lokaci ya yi da za mu dubi abin da muke karɓar kuɗi a kansa.

Muna kira ga hukumomin lafiya na ɓangarorin biyu da su tabbatar kowane ƙaramin gidan likita na garuruwan iyaka yana da na'urar awo da tsinkayenta, domin na'ura ba tsinke kwalliya ce kawai. Amma ba sai an jira gwamnati ba. Sarakunan kasuwa, da shugabannin ƴan albasa, da na ƴan wake, da na dillalan dabbobi, da na direbobi, duk suna da asusun da ake tarawa domin biki da rasuwa da matsalar hanya. Daga ciki za a iya ɗaukar ma'aikacin lafiya guda, a ba shi rumfa a bakin tasha ranar kasuwa, daga asuba zuwa hantsi kafin mutane su karya, ya auna sukari ya auna tansiyo, wanda lambarsa ta hau ya ba shi takarda zuwa gidan likita. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, an fara ta a 1991, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2006. Ƙungiyar da ta shirya irin wannan rumfa, a wannan rana ko a wata, ta aiko mana da wuri da lokaci, za mu buga sanarwar a wannan shafi.