SHAFAƘIN TAURARI: HASKEN DA YA WUCE TA SAMAN KAUGAMA BA MAI DUBAWA

Ranar Lahadi 9 ga watan Oktoba 2022, da misalin ƙarfe biyu da minti goma sha bakwai na rana agogon Nijeriya, wani haske mai tsananin ƙarfi ya iso duniya daga can cikin sararin samaniya. A wannan lokaci mutanen Kaugama da sauran ƙasar Haɗeja suna fama da ambaliyar ruwan da ta cinye gonaki ta rushe gidaje a daminar shekarar, ga kuma hidimar Maulidi, saboda haka ba wanda ya ɗaga kai sama. Ko da an ɗaga ma ba za a ga kome ba, gama irin wannan haske, wanda masana suke kira hasken gama, ido ba ya ganinsa, kuma iskar da ta lulluɓe duniya takan shanye shi tun bai iso ƙasa ba. Bai cuci kowa ba. Amma ya girgiza sashen nan na sama wanda yake mayar da sautin rediyo, har na'urori a Turai da Asiya suka ji motsin, ya kuma cika idon taurarin ɗan'adam da aka harba musamman domin tsaronsa.

Masana sun sa wa abin suna GRB 221009A, wato bisa ga shekara da wata da ranar da ya auku. Sun ce ba a taɓa auna fashewa mai haskensa ba tun da aka fara awo, kuma bisa ga ƙiyasi sai a yi shekara 10,000 ba a ga irinsa ba. Hasken ya yi tafiyar kimanin shekara miliyan 1,900 kafin ya iso. Lokacin da ya iso, wurin da ya fito yana saman Kaugama ta wajen gabas. Da aka yi sallar isha'i a daren nan kuwa, wurin ya hau kusan tsakar ka. A Turai da Asiya da Afirka ta Kudu masu maduban hangen nesa, manya da ƙanana, har da waɗanda suke yin abin don sha'awa kawai a bayan gidajensu, sun juya madubansu wajen suna ɗaukar hoton sauran hasken da fashewar ta bari. A ƙasar Haɗeja ba madubin da za a juya.

MENE NE WANNAN FASHEWA?

Labarin ya samo asali ne daga zamanin zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Bayan yarjejeniyar 1963 wadda ta hana gwajin makaman nukiliya a iska da sararin sama da cikin ruwa, Amurka ta harba wasu taurarin ɗan'adam masu suna Vela don su riƙa gadi, ko wani zai yi gwaji a ɓoye. Ranar 2 ga Yuli 1967 sai suka ji wata walƙiyar hasken gama wadda ba ta yi kama da ta bam ba. An ci gaba da jin irinta, har a 1973 masana na Los Alamos suka bayyana wa duniya cewa daga wajen duniyarmu abin yake zuwa.

Aka shekara fiye da ashirin ana gardama. Wasu suka ce daga cikin garken taurarin da ranarmu take ciki yake fitowa, wasu suka ce daga nesa ƙwarai. Dalilin gardamar kuwa shi ne walƙiyar ba ta daɗewa. Wata ba ta kai daƙiƙa ɗaya, wata ta yi 'yan mintoci, kuma na'urorin lokacin ba su iya nuna ainihin wurin da ta fito. Wani tauraron ɗan'adam na Amurka mai suna Compton ya ƙirga fiye da 2,700 tsakanin 1991 da 2000, ya nuna cewa ta kowace kusurwa suke zuwa, kusan ɗaya a kowace rana.

Yanzu an san asalin yawancinsu. Masu daɗewa sukan auku ne idan wani gawurtaccen tauraro, wanda ya ninka rana nauyi sau da yawa, ya ƙare makamashinsa ya rufta cikin kansa, cikinsa ya zama abin da ake kira baƙin rami, ya feso wuta ta fuska biyu da gudun da ya kusa na haske. Gajerun kuwa sukan auku idan gawarwakin taurari biyu masu tsananin nauyi suka yi karo suka haɗe. Idan bakin feshin ya fuskanci duniya, shi ne ake jin walƙiyar.

SHAFAƘI

Duk wanda ya yi karatun lokutan salla ya san shafaƙi, jan hasken nan da yake saura a yamma bayan faɗuwar rana, wanda gushewarsa take shigar da isha'i. To, fashewar hasken gama ita ma tana da nata shafaƙin. Idan feshin wutar ya bugi iska da ƙurar da suke kewaye da tauraron, sai su ɗauki zafi su yi ta haske, har da irin hasken da madubi yake iya kamawa. Wannan haske shi ne shaidar da take saura bayan walƙiya ta wuce, kuma da shi ake gane wurin, da nisan, da irin garken taurarin da abin ya auku a ciki.

An fara kama shi ne a 1997. Ranar 28 ga Fabrairu wani tauraron ɗan'adam na Italiya da Holan, mai suna BeppoSAX, ya ji wata fashewa ya kuma nuna wurinta. Kafin kwana ɗaya ya cika, ƙungiyar Farfesa Jan van Paradijs ta ɗauki hoton wurin da madubin William Herschel da yake tsibirin La Palma, daura da gaɓar Maroko. Da suka sake ɗauka bayan kimanin mako guda, sai suka tarar wani ɗigon haske da yake cikin hoton farko ya dushe. A watan Mayu na shekarar aka kama wani, aka auna nisansa da madubin Keck na Hawai, aka tabbatar da cewa tafiyar dubban miliyoyin shekaru ce ta haske. Nan gardamar ta mutu.

Wahalar aikin ita ce shafaƙin ba ya jiran kowa. Galibi duk lokacin da tsawon jira ya ninka, hasken yakan ragu da rabi ko fiye. Abin da ƙaramin madubi zai gani cikin sa'ar farko, bayan kwana biyu sai babba, bayan wata guda sai manyan maduban duniya ko waɗanda suke shawagi a sama. Ranar 19 ga Maris 2008 an yi wata fashewa wadda haskenta ya kai a gan shi da ido na kusan rabin minti, alhali kuwa ya yi tafiyar shekara miliyan 7,500. Bayan 'yan mintoci sai da madubi.

Saboda haka aikin ya zama tsere. Tauraron ɗan'adam Swift, wanda Amurka ta harba a Nuwamba 2004, an gina shi ne yadda zai juya da kansa ya fuskanci wurin fashewa cikin minti ɗaya ko biyu, ya aiko da adireshin wurin ƙasa nan take. Akwai Fermi na 2008, da SVOM wanda Sin da Faransa suka harba a Yuni 2024. Saƙonsu yana isa ga duk wanda ya yi rajista, kyauta, ta intanet. Daga nan sai wanda dare ya yi a wurinsa, kuma samansa take garau, ya juya madubi.

INA AFIRKA TAKE?

Kada a ɗauka wannan fage na ƙasashe masu arziki ne su kaɗai. A watan Yuli 2003 wani mutum mai suna Berto Monard, wanda yake kallon taurari don sha'awa kusa da Pretoriya a Afirka ta Kudu, ya riga dukan manyan tashoshi gano shafaƙin wata fashewa, da madubi mai faɗin santimita 30 kacal, kimanin sa'a bakwai bayan aukuwarta. A Namibiya akwai tashar H.E.S.S. wadda ta kama hasken gama mai tsananin ƙarfi daga shafaƙin fashewar Yuli 2018 da ta Agusta 2019. Afirka ta Kudu tana da babban madubin SALT a Sutherland tun 2005. Masar tana da na Kottamia, Maroko tana da tasha a kan tsaunin Oukaimeden, Habasha ta kafa madubai biyu a Entoto kusa da Adis Ababa. Ko Ghana ma ta mayar da wani tsohon faifan sadarwa a Kuntunse ya zama na'urar sauraren taurari a 2017.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan ilmi. Marigayi Farfesa Samuel Okoye ya yi aiki a Kambirij tare da Antony Hewish a shekarun 1960, ya kuma dawo ya dasa ilmin taurari a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, da cibiyarta ta ilmin taurari a Nsukka, ta kuma harba tauraron ɗan'adam na farko a Satumba 2003. Amma Nsukka tana yankin da gajimare yake rufe sama yawancin shekara. Sarari mai yawan dare garau yana Arewa, kuma can ne ba a kafa kome ba.

Ƙasar Hausa kuwa ta daɗe da sanin sama. Manomi yana lissafin damina da Kaza da 'Ya'yanta, matafiyi yana tashi da Gamzaki, malamai suna da ilmin hisabi da manzilolin wata. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a ƙasashen Larabawa da ilmin lissafi. Har yau kowane ƙarshen wata akwai masu fita duban jinjirin wata su kai rahoto ga kwamitin Mai Alfarma Sarkin Musulmi.

ABIN DA KAUGAMA TAKE DA SHI

Abu biyu ne. Na farko duhu. Manyan biranen Turai da Amurka sun ɓata samansu da hasken lantarki, har sai sun kai madubansu hamada da tsibirai. Ƙauyukan Kaugama, nesa da fitilun Kano, suna da duhun da waɗancan suke biyan kuɗi su nema. Na biyu matsayi. Wurin yana kimanin digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka mai dubawa daga nan yana ganin dukan saman arewa da mafi yawan saman kudu, abin da mai dubawa daga Jamus ko Ingila ba ya samu. Kuma watannin da sanyi da gajimare suke rufe Turai su ne watannin rani a nan.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, akwai cikas. Daga Yuni zuwa Satumba hadari yana rufe sama. Idan hunturu ya shiga, hazo yakan tokare ta kwana da kwanaki, ƙura kuma maƙiyiyar madubi ce. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da tsauni irin na Chile ko Maroko, ga raɓar fadama. Don haka ba mai hankalin da zai ce a kawo babban madubin duniya a kafa a nan. Abin da ya dace shi ne ƙaramin madubi, mai faɗin santimita 40 ko 50, da kyamara da kwamfuta, mai aiki da hasken rana, wanda zai karɓi saƙo ya juya da kansa. Irin wannan ne yake kama shafaƙi a sa'o'in farko, kuma kuɗinsa bai kai na shimfiɗa kilomita ɗaya na kwalta ba.

Wani zai ce, mutanen da ruwa ya ci gonarsu, me ya haɗa su da tauraron da ya mutu tun kafin a yi ɗan'adam? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba wanda zai ce a bar gyaran madatsai da yashe kogin Haɗeja a sayi madubi. Amma a duba abin da ɗalibi yake koya a irin wannan tasha: sarrafa na'ura daga nesa, tace hoto da kwamfuta, auna ƙaramin canji a cikin tarin alƙaluma, da rubuta rahoto cikin sa'a guda wanda masana na duniya za su dogara da shi. Wannan hannun shi ne yake karanta hoton tauraron ɗan'adam ya ce ga inda ruwan Tiga da Challawa zai malala, ga inda kachalla ta toshe hanyar ruwa. Tashar kuma dole ta riƙa auna ƙura da gajimare da raɓa kowane dare, alƙaluman da manomi da likita suke bukata.

MATAKIN FARKO

Jihar Jigawa tana da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja. Kafin Hausa da Haɗeja duka ba su da nisa da Kaugama. Abin da ya kamata a fara yi ba ya bukatar kwangila. A sa malami ɗaya da ɗalibai kaɗan su shekara guda suna auna duhun sama da yawan dare garau a wurare biyu ko uku, a Kaugama da kan duwatsun Dutse da na Kazaure, a ga inda ya fi. Idan alƙaluma suka samu, sai a nemi haɗin gwiwa da cibiyar Nsukka da ƙungiyoyin ƙasashen waje masu neman inda za su ajiye ƙananan madubai. Ya kamata kuma tun farko a sa hakimai da malaman da suke duban wata cikin shawarar, gama tashar za ta taimaki aikinsu, su kuma su ne za su tsare ta.

Hatsarin da ya fi kowane girma shi ne wanda aka saba gani: a sayo na'ura, a yi bikin buɗewa, a kulle ɗaki, ƙura ta gama da ita. Madubin da ba shi da ma'aikaci mai albashi da kuɗin gyara na shekara-shekara gara ba a saye shi ba.

Fashewa irin ta Oktoba 2022 mai yiwuwa ba za a sake ganinta ba a zamanin jikokin jikoki. Amma ƙananan 'yan'uwanta suna aukuwa kusan kullum, kuma wasu daga cikinsu suna faɗowa daidai lokacin da dare ya raba a ƙasar Haɗeja, sama tana garau. Ya rage ga Gwamnatin Jiha da shugabannin jami'o'inta su yanke shawara ko za a sami wanda zai duba.