Akwatin daidaita wuta: wanne ya dace da gidan karkara?

A Keita, Buza da Madawa, mai gida kan sayar da albasa ko rago, ya ja wutar NIGELEC, ya sayi firigo ko talabijin. Abin baƙin ciki shi ne kayan su ƙone tun ba a ci moriyarsu ba.

Ana auna ƙarfin wuta da bolt. A Nijar, wutar gida bolt 220 ce, amma ba kullum take isowa cif ba. Kamar ban-ruwa ne a garka: fangalin da ke kusa da rijiya ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe ya samu kaɗan. Haka gidan da ke nesa da taransfoma yake, musamman da magariba, lokacin da kowa ya kunna. Tashar hasken rana ta Malbaza, wadda aka buɗe a 2018, ta ƙara wuta a jihar Tawa, amma ba ta rage nisan waya ba.

Wuta mai rauni tana cutar injin firigo da na famfo. Injin ya yi ta faman tashi, ya ɗau zafi, har ya ƙone. Wadda ta wuce kima kuma tana kashe ƙwan fitila da caja.

Akwatin gyaran wuta iri biyu ne. Na farko rage ƙarfi kawai yake yi. Yana da amfani a Ingila, inda wutar gida kan kai bolt 240. Inda wuta ke da rauni, ba ya tsinana komai. Na biyu shi ne regilater: in wuta ta faɗi ya ɗaga ta, in ta hau ya sauko da ita. Shi ne ya dace da gidan ƙarshen layi. Aikinsa kare kaya ne, ba rage kuɗin wata ba.

Kafin a saya:
1. A kira ma'aikacin wuta ya auna bolt da rana da kuma da magariba.
2. A zaɓi regilater da ƙarfinsa ya fi na kayan da za a jona masa.
3. In an ɗauke wuta, a cire firigo. In ta dawo, a jira minti 5 kafin a mayar.

Kuɗin regilater bai kai na sabon firigo ba. Rigakafi ya fi magani.