Tsohon garin Lafiya da abin da birnin Yazd ya riga shi ganewa

Ran 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya sanar da ƙirƙiro sababbin jihohi shida, aka yanko Nasarawa daga Filato, aka ce Lafiya ce babban birninta. Daga ranar garin ya shiga wata sabuwar rayuwa. Sakatariya ta tashi, ma'aikata suka yi ƙaura daga Jos da iyalansu, filayen da ake noma doya suka koma fegi, kuɗin haya ya yi tsalle. A 2011 aka ƙara masa Jami'ar Tarayya. Yaron da aka haifa a Bukan Sidi ko kan hanyar Shandam bayan 1996 zai iya girma yana zaton gwamnati ce ta kafa garin, alhali kuwa Lafiya ta girmi jihar da kusan shekara 200.

Wajen ƙarshen ƙarni na 18 ne Muhammadu Dunama da jama'arsa, Barebari masu asali daga Borno, suka sauka a wani ƙaramin gari da ake kira Anane. Shi ya sa tsofaffin takardu da taswirori suke rubuta Lafiyar Barebari. Ba a daji suka sauka ba. Ƙasar tana da masu ita: Alago na Doma da Keana waɗanda labarin bakinsu ke komawa ga Kwararafa, da Migili, da Gwandara masu cewa daga Kano kakanninsu suka fito, da Eggon a kan duwatsunsu. Bayan jihadi Lafiya ta shiga ƙarƙashin Bauchi tana kai gaisuwa can, yayin da maƙwabtanta Keffi da Nasarawa suke bin Zazzau. Zuriyar Dunama, waɗanda a yankin aka fi sani da Kambari, sun riƙe sarauta har yau, amma harshen kasuwa ya cinye na gida. Da Hausa ake magana a fada.

Mutumin da ya ɗaga garin shi ne Sarki Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903. A zamaninsa kasuwar Lafiya ta shiga sahun manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko, tashar jiragen ruwa da ke bakin kogin, tafiyar kamar kilomita 90 kudu maso yamma. Loko a wancan lokaci ƙofa ce. Ta nan kayan kamfanonin Turawa ke hawowa tudu, ta nan kuma matafiyin nan Bajamushe, Paul Staudinger, ya kama hanyar Zariya da Kano a 1885. Garin da ya samu hanya zuwa Loko ya samu hanya zuwa teku. A 1903 Turawan Ingila suka amince da Musa a matsayin sarki, can gaba Lafiya ta zama cibiyar wani yanki na lardin Binuwai, daga baya ta bi jihar Binuwai-Filato a 1967, sannan Filato a 1976.

Wannan shi ne tarihin a taƙaice, kuma yana cikin littattafai. Tambayar da ta dace a yi wa hukuma ita ce: baƙon da ya sauka a Lafiya yau, ina za a kai shi ya ga wannan tarihin da idonsa?

Akwai wani birni a tsakiyar ƙasar Iran da ya amsa irin wannan tambaya da kyau, sunansa Yazd. Yana zaune ne tsakanin manyan hamadu biyu, ruwan saman da yake samu a shekara bai taka kara ya karya ba. Kamar Lafiya, fatauci ne ya raya shi, domin yana kusa da hanyoyin ayarin siliki da kayan yaji, kuma Marco Polo da ya ratsa ta can a ƙarni na 13 ya yaba saƙar alharinin mutanensa. Da laka aka gina shi. Ruwan sha kuwa ta ƙarƙashin ƙasa aka riƙa jawo shi daga gindin duwatsu, ta wasu dogayen magudanan da ake kira kanat, waɗanda ake haƙa rijiyoyi a jere a haɗa su ta ƙasa ruwa ya gangaro da kansa ba tare da inji ba. A kan soraye akwai hasumiyoyi masu tagogi da ke kama iska su tura ta cikin ɗaki, abin da suke kira badgir. Wadda ke lambun Daulatabad ta kai tsawon mita 33. Babban masallacin Juma'a, wanda mafi yawan gininsa na ƙarni na 14 ne, yana da hasumiyoyi biyu da suka haura mita 50. A cikin garin kuma akwai ɗakin bautar mabiya addinin Zartusht, wato Majusawa, da aka gina a 1934, inda suke ajiye wutar da suka ce ba ta mutu ba tun ƙarni na 5. Musulmi ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, amma ba su share wannan ɓangare daga labarin garinsu ba.

A 2017 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Yazd cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Dalilin da ya fi jan hankali shi ne garin ya tsira daga rushe-rushen zamani da suka cinye sauran garuruwan laka, kuma har yanzu mutane na zaune a ciki. Lungunan suna nan, kasuwar tana ci, wasu tsofaffin gidajen attajirai sun koma masaukin baƙi da wuraren shan shayi. Maginan gargajiya suna da aikin yi, saboda haka sana'ar ba ta mutu ba.

Za a ce ai Yazd hamada ce, Lafiya kuwa tana shan ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, katangar laka ba ta jure damina biyu ba tare da yaɓe ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce a hana talaka sa bulo da kwano a gidansa don a burge 'yan yawon buɗe ido bai san zafin yoyo ba. Lafiya ba ta da hasumiya mai mita 50, ba kuma za ta ƙirƙiro ta ba. Abin koyi a wurin mutanen Yazd shi ne sun zauna sun tantance abin da ya sa garinsu ya zama gari, suka shata masa iyaka, suka ce daga nan zuwa nan ba a taɓawa sai da shawara. Agadas ta yi haka a nan kusa, ta shiga jerin UNESCO a 2013 da hasumiyar masallacinta ta laka mai mita 27. Kano kuwa ta nuna abin da ke faruwa idan aka yi sakaci: ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, a wurare da dama an ɗebe ƙasarta an yi gini a kanta, sai suna.

To, me Lafiya ke da shi?

Na farko dai fada da unguwannin da suka kewaye ta. Sunayen mazaɓun cikin gari kaɗai, Ciroma, Makama, Zanwa, Gayam, sun isa su nuna cewa an tsara wurin ne bisa sarautu da zuriya. Fadar ta ga mulkin Sarki Isa Mustapha Agwai na ɗaya, wanda ya hau a 1974 ya rasu a Janairun 2019 bayan shekara 44 a kan gado. Ya karɓi sarauta Lafiya tana hedikwatar yanki, ya bar ta tana babban birnin jiha. Wanda ya gaje shi, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, daga kujerar Kotun Ƙoli ya taso. Masarautar da ke da irin wannan masanin doka a kanta ba ta da uzurin rasa rubutacciyar ƙa'ida mai kare tsohon gari. Hawan Sallah yana tara jama'a sau biyu a shekara, amma tambura da kayan doki da tsofaffin wasiƙun da aka yi musaya da Bauchi sun cancanci wurin da ɗalibi zai gan su ranar Talata da hantsi, ba sai ya jira Sallah ba.

Sai tashar jirgin ƙasa. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya ratsa Lafiya ya nufi Kafanchan, an haɗa shi da Kaduna a 1927, gadar Makurɗi kuma aka buɗe ta a 1932. Wannan dogo ne ya karkatar da ciniki daga Loko, shi ya kwashi riɗi da doya, shi ya kawo Ibo da Yarabawa da Tibi da suka zauna suka hayayyafa. Jirgin ya daɗe da daina zuwa yadda ya saba. Gine-ginen tasha irin waɗannan, a garuruwa da yawa na Arewa, sukan ƙare a hannun masu kwasar ƙarfe da masu yanka fili, kuma babu abin da ya keɓe ta Lafiya daga wannan haɗari.

Abu na uku, wanda a ganin mai wannan rubutu ya fi sauran daraja, yana wajen gari. Gishirin Keana da na Awe ya daɗe yana jawo fatake tun kafin a san gishirin buhu. Mata ne ke aikin: su ɗebo ruwan gishiri, su zuba a kan ƙasa ta sha rana, su kankare ta, su tace a tukwane masu huda, su dafa har ya daskare. Alago na Keana suna da bikinsu na gishiri, Oyarore, ƙarƙashin sarkinsu Osana. Wannan sana'a ita ce takwarar kanat ɗin Yazd, wato fasahar da mutanen wuri suka ƙago don cin moriyar ƙasarsu, kuma tana raye, ana iya zuwa a gani. Matsalarta guda ce, itacen dafawa yana tsada, gishirin kamfani yana araha, 'yan mata kuma suna da wasu hanyoyin neman kuɗi.

Duk wanda zai haɗa wannan labari dole ya faɗe shi dukansa. Kasuwannin kwarin Binuwai na ƙarni na 19 ba gishiri da tufafi kaɗai aka sayar a cikinsu ba, an sayar da mutane, kuma hare-haren bayi na cikin dalilan da suka sa wasu ƙabilu suka lizimci kan dutse har zuwan Turawa. Jikokin waɗanda suka kai hari da jikokin waɗanda aka kai wa suna aji ɗaya a jami'a yanzu. Jihar da ta ga rikicin ƙabilanci irin na 2013 ta san illar barin kowane ɓangare yana riƙe da nasa tarihin a ɓoye. Idan gidan tarihin Lafiya ya tsaya kan jerin sarakuna kawai, ɗan Alago da ɗan Eggon za su leƙa su fita, su ce ba da su ake ba.

Aikin bai kai tsadar kilomita ɗaya na kwalta ba. Sashen tarihi na Jami'ar Tarayya zai iya tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya su zauna da dattawan Zanwa da Gayam, da tsofaffin ma'aikatan reluwe, da matan Keana masu dafa gishiri, a ajiye abin da aka ɗauka inda kowa zai iya saurara. Ma'aikatar filaye ta zana iyakar tsohon gari a taswira, majalisar jiha ta mara mata baya da doka, yadda duk titin da za a faɗaɗa a ciki sai an zauna da masarauta da masu unguwanni. A kafa alluna da Hausa da Turanci a bakin fada da tsohuwar kasuwa da tashar jirgi, kowane da shekararsa da bayaninsa. Hanyar Loko ma a bi sawunta a sa alama a garuruwan da ayari ke yada zango, tunda yanzu an yi gada a Loko zuwa Oweto, motoci sun dawo bin wajen. Mutanen da suka hau jirgin Fatakwal daga tashar Lafiya suna samari da yawansu yanzu sun manyanta, don haka da su ya kamata masu ɗaukar murya su fara.