A daina ce ma sabon marubuci ya yi haƙuri



Akwai magana guda da ake jefa ma duk wanda ya gama rubuta littafinsa na farko da Hausa a ƙasar nan: "ka yi haƙuri". Mai imprimeri ya ce haƙuri, na biro ya ce haƙuri, babban yayan da ya yi alkawarin taimako ya ce haƙuri, komi lokaci ne. To mu yau mun zo mu ce wanga haƙurin ba ibada ba ne, ba kuma siraɗi ba ne da ake gane marubucin ƙwarai da shi. Marfi ne anka ɗora bisa rami. Ramin kuwa shi ne babu wanda ya ɗauki alkawarin sayen littafin Hausa na ɗan Nijar, shi ya sa babu mai gaggawar buga shi.

Wanda muke magana kansa kun san shi, yana cikin unguwarku. Sau da yawa mushe ne ɗan kwantiragi a wani lakwal na karkara, ko ɗalibi a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa. Wani lokaci matar aure ce da ba ta samun zama sai ɗiya sun yi kwana. Da bik da kaye ake aikin, cikin dare, in wuta ta ɗauke a ci gaba da fitilar salula. Wata shida, shekara guda, wani ma biyu. Ranar da ya rubuta shafin ƙarshe yana tsammanin ya sauke kaya, ashe ranar ce zai ɗauki na gaske.

Sai ya kai kayen wurin masu buga takardu a ordinatar. Yaron da ke aikin da Faransanci ya saba, allon da yake bugawa a kai ma na Faransanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Nan take baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ya koma bata. Kowane shafi da kuɗɗinsa, gyaran kuskuren da ba kai ka yi ba shi ma da kuɗɗinsa. Marubuci na zaune bisa benci yana nuni da yatsa, ana hararar shi don ya tsaida layin masu fotokofi. Tun 1999 hukuma ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, amma ku zaga wuraren nan ku tambaya ko wa ya taɓa ganin takardar. In an yi sa'a an gama, a zuba mashi a kle, ya riƙa addu'a kada birus ya shiga.

Daga nan sai Yamai, don can ne ƴan gidajen fidda littattafan da muke da su sunka taru. Kilomita sama da 600 daga Maraɗi, kusan 900 daga Damagaram. Wanda ba ya da kuɗɗin mota sai ya aika da koli, ya koma yana ƙona kiredi. Darakta ya tafi misiyo. Mai karanta Hausar ba ya nan. A sake kira bayan salla. Muna jiran kuɗɗin proje. Ba wanda zai ce mashi littafinka bai yi ba, ga inda za ka gyara, wanda da alheri ne babba. Ba kuma wanda zai ce ya yi. Shiru kawai, shiru mai tsawo, kuma rubutun nan yana hannun mutanen da ko ƴar takardar shaida ba su ba shi ba. Kullum zuciyarsa na raya mashi wata rana zai ga labarinsa da sunan wani. Akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, gaskiya ne, amma yaron da ke Mayahi ko Tanut ko Buza wa ya taɓa nuna mashi ƙofar?

A gida ma ba a bar shi ba. A fada an riga an laƙa mashi suna, da ya doso a ce ga malam marubuci nan, ina littafin? Tun yana dariya har ya daina zuwa shan shayi. Uwa na ganin kuɗɗin da anka kashe wurin ordinatar da sun sayi buhun hatsi. Ita kuwa mace, in ta gaji da jira ta fara sakin shafi-shafi a WhatsApp, kafin wata guda an kwashe, an cire sunanta, wani na karantawa a YouTube yana tara masu kallo. Mafi muni duka, mai jiran littafin farko ba ya iya fara na biyu. Hannu ya yi sanyi. Wannan asarar ce ba mai ƙidaya ta, don littafin da ba a rubuta ba ba shi da kabari.

Mu gyara wata magana da ake cakuɗawa da gangan. Mai injin bugawa daban, mai fidda littafi daban. Mai inji ɗan kasuwa ne kamar tela: ka kawo kuɗɗi, ya ɗinka maka, ya miƙo maka katon-katon, sai wata rana. Ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Mai fidda littafi shi ne wanda zai karanta, ya sa a gyara, ya zuba kuɗɗinsa, ya kai littafin kasuwa, ya ba marubuci kasonsa a kan kowane kwafin da anka saida. Abin da ke ba mu haushi shi ne masu sa rigar na biyu suna aikin na farko. Su karɓi kuɗɗin marubuci duka, su manna sunan gidansu a bango, su bar shi da katon ƙarƙashin gado yana faɗa da gara. Sannan a shirya bikin ƙaddamarwa, manya su zo da manyan riguna, a yi alkawari a makirfo, a ɗauki hoto. Je ka karɓo alkawarin ka gani.

Yanzu za a ce mana, ai mutanenmu ba su karatu. Mun yarda waɗanda sunka iya karatun boko ba su da yawa kamar yadda muke so, ba ma musun wannan. Amma wa ke sayen littattafan Kano da ake shimfiɗawa a kasuwar Maraɗi da ta Damagaram da ta Ƙonni? Aljanu? Wa ke sayen littattafan addini a ƙofar masallatan Juma'a? Wa ke kwana yana karanta labari a salula har batir ya mutu? Mu da ke aiki a gidajen radiyo mun san abin da ke faruwa in anka tsaida karatun littafi a daidai inda ya yi daɗi: waya ba ta hutawa, har da tsofaffin da ba su taɓa shiga lakwal ba. Mutum guda ya karanta, gida goma su saurara. Masu so suna nan. Abin da babu shi ne hanya tsakaninsu da marubucin garinsu.

Tun da mun taɓo radiyo, bari mu faɗa ma masu gidajen gaskiya. Ana karanta littafin mutum wata da watanni, ana saida talla a tsakiyar shirin, mai magani ya biya, mai shago ya biya, marubuci ko dala ba ya gani. Wai an yi mashi talla. Tallar me, alhali littafin ba ya kasuwa?

Wasu kuma za su ce ya rubuta da Faransanci mana, ko ya samu shiga. Mu ma lakwal ɗin Faransanci munka yi, ba mu ƙi harshen ba. Amma ku duba Abdoulaye Mamani. Labarin Sarauniya ta Lugu, wadda ta tari sojan Voulet da Chanoine a 1899, labarin ƙasar nan ne tsantsa, amma a Paris littafinsa ya fito a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Shi kuwa Mamani a 1993 ya rasu a haɗarin mota bisa hanyar Damagaram zuwa Yamai, zai je karɓar kyautar Boubou Hama. Allah ya jiƙan shi. In gwani irin wannan sai da ya ƙetare teku kafin a buga shi, me ake so yaron da ke rubutu da Hausa a Tasawa ya yi?

Mu leƙa maƙwabta, don harshe guda muke rubutawa kuma littattafansu ne a hannun ƙannenmu. A 1933 ofishin fassara na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Daga nan anka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da sauransu. Ba a ce masu su yi haƙuri ba. An buga, don akwai mai saye a tsaye: makarantu na buƙatar abin karantawa. Turawan mulkin mallaka ke nan fa, da dalilansu na kansu, amma sun gane cewa ba a koya ma yaro karatu a bar shi da allo wayam.

Bayan shekara hamsin, da tattalin arzikin Najeriya ya tsuke a shekarun 1980 manyan kamfanoni sunka ja baya, marubutan Kano ba su zauna jiran waya ba. Sun buga da kansu, a takarda mai arha, ƙanana-ƙanana, kashi na ɗaya da na biyu da na ukku, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, kuma ƴan kasuwa sunka shigo suna sari suna rarrabawa har cikin ƙasar nan. Ta haka anka san Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Malaman jami'a sun yi ta raina littattafan, ana ce masu na kasuwa. To kasuwar ce ta raya su. Mu nan ba mu da hukumar da ke saye kamar a 1933, ba mu da ƴan sari kamar na Kano. Shi ne dukan ciwon.

Ba wai ba a taɓa yin komi ba. Tun 1973 anka buɗe lakwal na gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A farkon shekarun 2000 an fidda littattafai da harsunan ƙasa da sunan Albasa, da tallafin Jamusawa. Gidaje irin su Gashingo suna iyakar ƙoƙarinsu, mun jinjina masu. Amma abin da ya dogara ga proje da proje yake tafiya. In mai ba da kuɗɗi ya ce bana littafin tsabta yake so, ko na allurar rigakafi, shi za a buga, mai labarin soyayya ko na noma ko na ƴan ci-rani ya koma layi. Shekara sama da 50 muna gwaji. Yaron da ya shiga wancan aji na farko yanzu jikoki gare shi.

Sai ga shi a watan Maris na 2025 kundin Refondasiyo ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi murna, mu ma mun yi. To daga ranar nan uzuri ya ƙare. Harshen ƙasa da marubucinsa ke yawo da kle a aljihu yana roƙon a karanta shi, wane irin harshen ƙasa ne? Kuma kada ɗan'uwanmu mai rubutu da Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Tamajak ya ɗauka mun manta da shi. Nasa jiran ma ya fi namu tsawo, don shi ba ya da Kano a kusa. Ƙofar da za a buɗe ma ɗaya ita za ta wuce da sauran.

Ba sadaka muke nema ma kowa ba, ciniki muke so. Ma'aikatar ilimi ta fito ta ce duk shekara za ta zaɓi sababbin littattafai kaza, ta sayi kwafi kaza na kowane, ta kai lakwal-lakwal, kuma a sanar da sharuɗɗan a radiyo kowa ya ji, ba a cikin biro tsakanin abokai ba. Ranar da mai fidda littafi ya san akwai wannan odar, shi zai riƙa kiran marubuci a waya, ba marubuci ke kiran shi ba. Kuma duk gidan da ya karɓi rubutun mutum ya ba shi takardar shaida da ranar amsa. Wata ukku ya isa a ce i ko a'a.

Alhazan Maraɗi kuwa, da sunansu ya kai ko'ina wajen sanin kan kasuwa, motocinsu na kai shinkafa da sabulu har ƙauyen da ba hanya. Katon guda na littafi ba zai karya mota ba. Ba mu ce su bayar don Allah ba, su sara su ci riba kamar yadda ƴan'uwansu na Kano sunka ci.

Kafin manya su motsa, akwai abin da ya fi kusa da hannu. Mutum 300 a gari guda, kowa ya ajiye jikka guda tun kafin a buga, an tara jikka 300 ke nan, kuma marubuci zai shiga imprimeri da sunayen masu jiran kwafinsu a hannu, ba da bashi ba. Adashi ne, mata na yin wanda ya fi shi kowane wata. Sai dai a sa sharaɗi: kafin a karɓi kuɗɗin kowa, mutum biyu ko ukku da sunka san ƙa'idar rubutu su karanta su gyara, don kada a saida ma jama'a baki a wurin baƙi.

Duk wanda ke da kaye ajiye cikin akwati, ko rubutun da ya aika shiru har yau, ya aiko mana da sunan garinsa da tsawon lokacin da ya yi yana jira. Kada ya aiko da labarin kansa, ya riƙe abinsa. Garuruwan da shekarun za mu jera mu karanta a iska, ɗaya bayan ɗaya, mu kuma kai takardar ga daraktocin al'adu na jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso.