Firinta Ɗaya, Kwamfutoci Iri-iri: Yadda Kowa Zai Buga Takardarsa

A wannan makon za mu leƙa ɗakin kwamfuta ne, wurin na'urar da ake yawan tsayawa a kanta ana tsaki, wato firinta.

A yawancin makarantun da ke da ɗakin kwamfuta, firinta ɗaya ce tak, amma masu buƙatarta da yawa, kuma kowa da irin na'urarsa. Kwamfutocin ɗakin suna aiki da Windows, wani malami yana da kwamfutar Apple mai aiki da macOS, akwai tsohuwar kwamfuta a lungu da aka sa wa Ubuntu, ga kuma wayoyin Android da iPhone. Idan lokacin buga silif na jarrabawar JAMB ya zo, ko ranar miƙa aikin aji, wani zai danna takardarsa ta fito, wani kuwa ya danna ya ji shiru. Daga nan sai a yanke hukunci cewa firintar ba ta son irin kwamfutarsa, ya kama hanyar shagon buga takardu ya biya kuɗi, wataƙila ma lokaci ya ƙure masa.

Maganar gaskiya, firinta ba ruwanta da irin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarka. Abubuwa uku kawai take buƙata. Ku kasance a hanyar sadarwa ɗaya, kwamfutarka ta san adireshinta, sannan ta yi mata magana da harshen da take ji. Duk wanda ya riƙe waɗannan ukun zai iya gano yawancin matsalolin buga takarda da kansa.

Mu fara da harshe. Rubutun da kake gani a fuskar kwamfuta ba haka yake isa wurin firinta ba, sai an mayar da shi umarni: sa ɗigon tawada a nan, bar can fari, ja sabuwar takarda. Irin waɗannan harsuna sun daɗe. Kamfanin Adobe ya fito da PostScript a 1984, kamfanin HP kuma ya fito da nasa mai suna PCL a cikin shekarar. Ƙaramar manhajar da ke fassara takardarka zuwa harshen firinta ita ake kira direba, aikinta kuwa na tafinta ne. Matsalar ita ce, direban da aka rubuta wa Windows ba ya aiki a Mac, na Mac kuma ba ya aiki a Linux. Idan kamfani ya yi wa Windows kaɗai, sauran sun shiga uku. Wannan shi ne asalin maganar nan ta cewa firinta tana ƙin wasu kwamfutoci.

Mafitar da aka samo ta yi kama da abin da ke faruwa a manyan kasuwanninmu. Babarbare da Bayarabe da Buzu sukan haɗu a Kasuwar Kurmi ta Kano su yi ciniki da Hausa, ba tare da kowa ya nemo tafinta ba. Haka masana suka samar wa firintoci wata ƙa'ida ta bai ɗaya mai suna IPP tun ƙarshen shekarun 1990. Da ita kwamfuta take tambayar firinta girman takardar da take ɗauka, ko tana buga launi, ko tana buga gaba da baya, sannan ta aika mata aikin a sigar da kowa ya amince da ita. A 2010 Apple ya ɗora tsarinsa na AirPrint a kan wannan ƙa'ida don masu iPhone da iPad. A 2013 kamfanonin Canon, HP, Samsung da Xerox suka kafa ƙawancen Mopria don wayoyin Android. Saboda haka idan ka ga tambarin AirPrint ko Mopria a jikin firinta ko kwalinta, akwai kyakkyawan zaton kowace na'ura za ta buga da ita ba tare da an sa direba ba.

Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne, Mac da Linux 'yan gida ɗaya ne a harkar buga takarda. Dukansu suna amfani da wata manhaja mai suna CUPS, wadda Michael Sweet ya rubuta, ta fito a 1999. Apple ya fara amfani da ita a 2002, ya saye ta a 2007. Kwamfutocin Chromebook ma da ita suke bugawa, musamman tun da Google ya rufe hidimarsa ta Cloud Print a ƙarshen 2020. Windows kuwa yana da tasa hanyar raba fayiloli da firintoci mai suna SMB. Don sauran kwamfutoci su iya shiga wannan hanya, wani ɗan Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fara rubuta manhajar Samba a farkon shekarun 1990, kuma har yau da ita Linux yake magana da firintar da Windows ya raba.

Sai adireshi. Kowace na'ura a hanyar sadarwa tana da lamba, kamar lambar gida a unguwa, wadda ake kira adireshin IP. A makarantu da gidaje yakan yi kama da 192.168.1.20. Na'urar rauta, wadda ke raba Wi-Fi, ita ce take ba kowa lambarsa. Bayan lambar gida akwai kuma ƙofa, domin na'ura ɗaya tana karɓar baƙi iri-iri. IPP yana shiga ta ƙofa mai lamba 631, SMB ta 445, sannan firintoci da yawa suna da ƙofa ta 9100 wadda ke karɓar aiki kai tsaye. Ba sai kun haddace su ba, amma ranar da kuka ga 631 a ƙarshen wani adireshi, kun san abin da ake nufi.

Kafin ka taɓa komai, duba yadda aka haɗa firintar makarantarku, domin hanya biyu ce. Ta farko, firintar da kanta tana kan hanyar sadarwa, ta waya ko ta Wi-Fi, tana da nata adireshin. Ta biyu, an jona ta da wata kwamfuta ta wayar USB, wannan kwamfutar ce take raba ta ga saura.

Idan ta farko ce, aikin da sauƙi. Nemi adireshin a ƙaramin allon da ke jikin firintar, ko ka sa ta buga shafin bayanan saitinta. A Windows, shiga Settings, ka nemi Printers & scanners, ka danna wurin ƙara na'ura. A Mac ma sunan wurin ke nan a cikin System Settings. Sau da yawa firintar za ta bayyana da kanta, saboda tana shelar sunanta ga duk wanda ke kan hanyar. Idan ba ta bayyana ba, zaɓi ƙarawa da hannu ka rubuta adireshin, inda aka ba ka zaɓin ƙa'ida kuma ka ɗauki IPP. A Linux akan rubuta shi kamar haka: ipp://192.168.1.20/ipp/print. A wayar Android ko iPhone, buɗe takardar, ka danna alamar rabawa ko ɗigo ukun nan, ka zaɓi Print.

Idan ta biyu ce, akwai sharaɗin da ake yawan mantawa da shi: dole kwamfutar da ke riƙe da firintar ta kasance a kunne, ba ta yi barci ba. In an kashe ta, ko da firintar tana kunne, babu wanda zai buga. Idan Windows ne a kanta, wata kwamfutar Windows za ta same ta da rubuta sunan kwamfutar da na firintar, misali \\OFIS\firinta. Mac da Linux kuwa sukan rubuta smb://OFIS/firinta, kuma galibi za a nemi sunan mai amfani da kalmar sirri na waccan kwamfutar. A wannan hanyar batun direba yana nan daram, domin Windows yakan miƙa direba ga ɗan'uwansa Windows ne kawai, mai Mac ko Linux sai ya zaɓo nasa. Haka kuma iPhone ba ta ganin firintar da Windows ya raba sai an ƙara wata manhaja. Shi ya sa idan makaranta tana da tsohuwar firinta mai USB, dabara mai kyau ita ce a jona ta da kwamfuta mai Linux, ko da ƙaramar Raspberry Pi ce, a bar CUPS ya raba ta ta IPP.

Wataƙila ka yi ƙoƙarin haɗawa a Windows aka ce sai mai kula da kwamfutocin ya sa kalmar sirrinsa. Akwai dalili. A 2021 an gano wata kafa a sashen buga takardu na Windows, aka yi mata laƙabi da PrintNightmare, wadda ɓata-gari za su iya bi su ƙwace kwamfuta. Daga nan Microsoft ya tsaurara, ya zama sai mai izini ne zai sa direba. Don haka kira malamin kwamfuta, kada ka je ka sauko da direba daga wani shafin da ba ka sani ba. In har ana buƙatar direba, a ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar.

To, idan ka aika aiki ka ji shiru fa? Bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Da farko duba ko kana kan Wi-Fi ɗaya da firintar. Wayar da ke amfani da datar layinta ba za ta gan ta ba, haka ma wadda ke kan Wi-Fi na baƙi, domin akan killace shi daga sauran na'urori. Na biyu, rubuta adireshin firintar a burauza. Idan shafinta ya buɗe, hanya lafiya lau take, matsalar tana cikin saitin kwamfutarka. Na uku, tambayi ko an ɗauke wuta kwanan nan. Idan rauta ta mutu ta sake tashi, tana iya ba firinta sabuwar lamba, kwamfutarka kuma ta ci gaba da ƙwanƙwasa tsohon gida. Maganin wannan shi ne malam ya saita rauta ta ware wa firinta lamba ɗaya da ba ta canzawa. Na huɗu, buɗe layin ayyukan da ke jiran bugawa. Kamar layin markaɗe ne, idan ƙwaryar gaba ta maƙale, duk na baya sai su tsaya. Soke aikin da ya maƙale, saura za su wuce.

Kada kuma ka yi ta danna Print sau goma don ka ji shiru. Duk suna nan a layi, kuma da zarar hanya ta buɗe za su fito gaba ɗaya, a yi asarar takarda da tawadar da makaranta ta saya da kuɗi.

Akwai matsalar da ba ta hanya ba ce, ta takardar ce da kanta. Ka tsara aikinka tsaf a wata kwamfuta, ka buɗe a wata ka tarar layuka sun goce, shafi uku ya koma huɗu. Dalili shi ne salon haruffan da ka zaɓa babu shi a kwamfuta ta biyu, sai ta musanya da wani. Masu rubutu da Hausa sun fi kowa sanin wannan, domin ɓ, ɗ da ƙ sukan koma akwatuna idan salon bai ƙunshe su ba. Maganin shi ne ka adana aikin a matsayin PDF tun a kwamfutar da ka rubuta shi. Adobe ya fito da PDF a 1993 don takarda ta riƙe kamanninta duk inda aka kai ta. Sannan duba girman takarda. A nan A4 muke amfani da ita, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, amma manhajoji da yawa suna zuwa a saite kan girman Amurka mai suna Letter, wanda ya fi A4 faɗi kaɗan, ya kuma fi ta gajarta. Wasu firintoci sukan tsaya cak suna jiran a sa musu takardar da aka ambata.

Abu na ƙarshe shi ne sirri. Firintar da kowa ke amfani da ita kamar tsakar gida ce. Silif na jarrabawa yana ɗauke da hotonka da lambar rajistarka, sakamakon jarrabawa ma haka. Tabbatar da sunan firintar da ka zaɓa kafin ka danna, kada takardarka ta je ta fito a ofishin malamai. Da ka aika, tashi ka ɗauko. Idan ka fasa, soke aikin daga layi, kada ya fito gobe a hannun wani. In ka sauke takardar a kwamfutar makaranta ko ta shago, goge ta kafin ka tashi. Idan kuma ka tarar da takardar wani a bakin firinta, amana ce, miƙa wa malam.

Ga aikin wannan makon. Da izinin malamin kwamfuta, ku gano abu uku game da firintar makarantarku: ita ce kan hanyar sadarwa da kanta ko wata kwamfuta ce ke raba ta, mene ne adireshinta, kuma tana da AirPrint ko Mopria? Ku rubuta amsar a ƙaramar takarda ku manna a bango kusa da ita, don wanda zai zo cikin gaggawa ranar buga silif ya samu sauƙi. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.