Aron tunani ko satar fasaha? Matsayin wasan bidiyon da ya hau kan dabarar marubuci

A watan Fabrairun 2024 kamfanin Disney ya sanar da zuba jarin dala biliyan 1.5 a kamfanin Epic Games, mai wasan bidiyon nan na Fortnite. Manufar cinikin ita ce a gina wani dandali guda inda taurarin labaran Disney da na Marvel da na Star Wars za su riƙa cuɗanya, masu wasa kuma su shiga cikinsu. Wannan adadi kaɗai ya isa shaida cewa ɗauko tauraro daga wannan labari a gwama shi da na wancan ya zama babbar haja a kasuwar nishaɗi ta duniya.

Sai dai ba kamfanonin wasa ne suka fara wannan gwami ba. Marubuta sun fi ƙarni guda suna yin sa a kan takarda. A nan ne tambayar ke tasowa: idan marubuci ya riga kowa tunanin haɗa wasu taurari biyu, daga baya wani kamfani ya gina wasa a kan irin wannan haɗin ya kwashi riba, shin sata aka yi masa?

Ɗan sanda-ciki da dodon teku

Misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne na Sherlock Holmes da Cthulhu. Holmes shi ne gwanin binciken laifuka da marubucin Birtaniya Arthur Conan Doyle ya ƙirƙiro a 1887, mutumin da ba ya yarda da komai sai abin da hujja da hankali suka tabbatar. Cthulhu kuwa wani dodo ne da ke kwance a ƙarƙashin teku, wanda Ba'amurke H. P. Lovecraft ya fito da shi a wani labari da aka buga a 1928, kuma ganinsa kawai yakan gusar da hankalin mutum. Armashin haɗa su a bayyane yake: a kawo sarkin masu hankali a gaban abin da hankali ba ya ɗauka.

A 2003 aka buga wani kundin gajerun labarai a Amurka mai suna Shadows Over Baker Street, wanda marubuta da dama suka gina labaransu a kan wannan haɗi. Wanda ya fi shahara a ciki shi ne A Study in Emerald na Neil Gaiman, da ya ci kyautar Hugo a 2004. Ba a daɗe ba sai kamfanin Frogwares, wanda ma'aikatarsa ke birnin Kyiv na Yukiren, ya fitar da wasan Sherlock Holmes: The Awakened, inda Holmes ke farautar wata ƙungiyar asiri mai bautar Cthulhu. An sake gina wasan aka fitar da shi a 2023, a tsakiyar yaƙin da ƙasar ke ciki.

Wanda ya tsaya a kan wannan taƙaitaccen bayani zai iya cewa magana ta ƙare, an kama ɓarawo. Amma idan aka buɗe ayyukan biyu sai a ga bambancin ya fi kamannin yawa. A labarin Gaiman, dodannin sun riga sun ci duniya tun ƙarnoni da suka shuɗe, su ne ke kan gadon sarautar Turai, ana kuma binciken kisan wani ɗan sarauta daga cikinsu. A wasan Frogwares kuwa duniya tana nan yadda aka san ta. Mutane ne ke ɓacewa, binciken ya ɗauki Holmes daga Landan zuwa wani gidan mahaukata a Suwizalan, ya wuce New Orleans a Amurka, ya ƙare a wata hasumiyar fitilar jiragen ruwa a Sikotland. Abin da ya haɗa ayyukan biyu jimla ɗaya ce tak: Holmes ya gamu da duniyar Lovecraft. Duk abin da ya biyo bayan wannan jimla, kowa nasa ya gina.

Abin da doka ta ce

Dokar haƙƙin mallaka a kusan ko'ina ta raba abu biyu: tunani, da kuma surar da aka zuba tunanin a cikinta. Yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda ta hau kan duk ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta bayyana cewa kariya tana kan surar ne, ba ta kai ga tunanin ba. Ita ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa tunani da dabaru da hanyoyin gudanar da aiki cikin abubuwan da ba su cancanci kariya ba.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar lauya kafin ya gane hikimar wannan. Wanda ya fara haɗa cajin waya da sana'ar POS a rumfa ɗaya ba shi da ikon hana maƙwabcinsa yin haka. Amma ranar da maƙwabcin ya kwafi allon shagonsa da sunansa da tambarinsa, to magana ta canza.

Kotuna sun sha tabbatar da wannan a kan wasannin bidiyo. A 2008 kamfanin MKR, mai haƙƙin fim ɗin Dawn of the Dead na 1978, ya yi shari'a da kamfanin Capcom na Japan a kan wasan Dead Rising, domin duka biyun labarin mutane ne da gawarwaki masu tafiya suka ritsa da su a cikin wani katafaren rukunin kantuna. Kotun tarayya a Kalifoniya ta yi watsi da ƙorafin MKR, bisa dalilin cewa wannan kamanni bai wuce matakin tunani ba, sauran kuwa abubuwa ne da dole su biyo bayan irin wannan tunani ko wa ya ɗauke shi. A 2012 wani marubuci Ba'amurke, John Beiswenger, ya maka kamfanin Ubisoft a kotu yana cewa wasan Assassin's Creed ya ɗauko dabarar na'urar da ke mayar da mutum cikin rayuwar kakanninsa daga littafinsa mai suna Link. Cikin 'yan makonni ya janye ƙarar. Ko a watan Satumban 2024, da kamfanonin Nintendo da Pokémon suka kai masu wasan Palworld ƙara a Tokyo, ba su tsaya a kan cewa an sace musu tunanin kama halittu a horar da su ba. Sun dogara ne da takardun rajistar ƙirƙira da suke riƙe da su a kan wasu keɓantattun hanyoyin sarrafa wasan.

Wa ya mallaki taurarin?

Labarin haɗa taurari yana da wani rauni na musamman. Mai haɗawar shi kansa aro ya yi. Gaiman bai ƙirƙiri Holmes ba, bai ƙirƙiri Cthulhu ba. Idan akwai wanda doka za ta saurara a kan amfani da tauraro, to mai tauraron ne, muddin wa'adin haƙƙinsa bai ƙare ba.

Tarihin Holmes ɗin ma ya nuna haka. A 1906 marubucin Faransa Maurice Leblanc ya shigar da Holmes cikin labarin shahararren ɓarawonsa Arsène Lupin. Da Doyle ya nuna rashin amincewa, sai Leblanc ya juya haruffan sunan ya koma Herlock Sholmès. Fiye da ƙarni guda bayan haka, a 2021, da Capcom ya fitar da wasan The Great Ace Attorney da Turanci, sai ya yi amfani da wannan juyayyen suna, alhali a bugun Japan sunan Holmes na ainihi ne a ciki. A lokacin, wasu daga cikin labaran Doyle na ƙarshe ba su fita daga kariya a Amurka ba, sai a farkon 2023 suka zama dukiyar kowa. Shi kuwa tunanin haɗa Holmes da Lupin, Frogwares ya gina wasa sukutum a kansa a 2007.

Wannan ne ya sa kamfanoni irin su Epic ke biyan maƙudan kuɗi ga masu taurari, ba sa biyan ko kwabo ga wanda ya fara tunanin tara taurari a wuri guda. Littafin Ready Player One na Ernest Cline, da aka buga a 2011, ya siffanta wata duniyar kwamfuta da taurarin finafinai da wasanni ke gauraya a cikinta, kuma an sha kwatanta Fortnite da ita. Amma kafin Cline akwai wasan Super Smash Bros. na 1999 da Kingdom Hearts na 2002, kafin su kuma akwai Philip José Farmer, wanda tun a 1972 ya tsara wa Tarzan da Holmes da wasu taurari salsala guda. Duk wanda ya ce shi ne na farko, idan aka tona za a samu wani a bayansa.

Da za a ba da ikon mallakar haɗi, marubuta ne za su fara shan wuya. A 2003 Larry Cohen da Martin Poll sun kai kamfanin Fox ƙara suna neman dala miliyan 100, bisa zargin cewa fim ɗin The League of Extraordinary Gentlemen ya kwaikwayi wani rubutun fim nasu da ya tara taurarin adabin zamanin Sarauniya Biktoriya. Fim ɗin kuwa an gina shi ne a kan littafin zane na Alan Moore na 1999. An sasanta a wajen kotu, amma sai da aka zaunar da Moore aka yi masa doguwar tuhuma kamar mai laifi. Takobin da marubuci ke fatan a ba shi don ya sari kamfani, shi ne gobe za a sare shi da shi.

Inda doka ta tsaya, mutunci ya ci gaba

Duk da haka, cewa kotu ba za ta kama mutum ba bai wanke shi gaba ɗaya ba. Satar fasaha a ma'anarta ta asali laifin ɗabi'a ce: mutum ya gabatar da abin wani a matsayin nasa. Ana iya yin ta ba tare da an taka doka ba, kamar ɗalibin da ya kwashe tsohon littafin da wa'adin haƙƙinsa ya ƙare ya sa sunansa. Malaman adabin Larabci sun daɗe da tattauna wannan a babin satar waƙa, kuma Al-Jahiz ya tafi a kan cewa ma'anoni na kowa ne, fifiko yana ga yadda aka ƙera su. Adabinmu ma shaida ne. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da wasu wurare ya gina Magana Jari Ce a shekarun 1930, amma ya sāke musu gari da sarauta da harshe har suka zama na ƙasar Hausa. Ba a kiransa ɓarawo, domin aikin da ya zuba ya rinjayi abin da ya aro.

Saboda haka ma'auni uku ne ya kamata a ɗora kowane irin wannan zargi a kai. Na farko, me aka ɗauka: jimlar tunanin kawai, ko kuwa jerin aukuwar labarin da sababbin taurarin da marubucin ya ƙirƙira da sirrin da ya ɓoye a ƙarshe? Na biyu, me aka ƙara? Na uku, an faɗi gaskiya game da tushen? A 2013 mai tsara wasanni Martin Wallace ya fitar da wani wasan allo da ya ɗauki ainihin duniyar da Gaiman ya gina, ya kuwa sa masa sunan labarin, ya bayyana a fili daga inda ya samo shi. Wanda ya ɗauki gini dole ya ambaci magini. Wanda ya ga fili kawai ya yi nasa ginin, ambaton wanda ya nuna masa hanya karamci ne da ya dace, musamman ga kamfanin da ke da dukiya da lauyoyin da marubuci ba shi da su.

Darasi ga marubuta

Abin da ke kare marubuci a zahiri shi ne takardar yarjejeniya. Andrzej Sapkowski, marubucin Polan mai littattafan The Witcher, ya sayar wa kamfanin CD Projekt izinin yin wasa a kan kuɗi dunƙule, ya ƙi karɓar kaso daga riba domin bai zaci wasan zai yi kasuwa ba, kamar yadda shi da kansa ya faɗa daga baya. Da wasan ya mamaye duniya, sai a 2018 ya nemi ƙarin zuloti miliyan 60, kimanin dala miliyan 16, aka kuma cimma sabuwar yarjejeniya a watan Disambar 2019. Ba a sace masa komai ba, hannunsa ne ya sa a kan cinikin da ya zo yana cizon yatsa.

Wannan darasi ya shafi marubutan Hausa kai tsaye, ko da yake masana'antar wasan bidiyo ba ta yi ƙarfi a nan ba tukuna. Ana yawan jin ƙorafin cewa wani fim ko wani littafi ya saci "jigon" wani, alhali jigon kishiya ko auren dole ko rikicin gado ba na kowa ba ne. Ɓarnar da doka za ta iya magancewa tana wani wuri: littafin da aka karance shi kaf a YouTube ba da izini ba, ko wanda aka kwafe ana rabawa a WhatsApp, ko wanda aka mayar fim da sunayen taurarinsa da maganganunsu ba tare da an tuntuɓi mai shi ba. A kan irin waɗannan ne Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da kotuna ke da hurumi.

Amsar tambayar ke nan: wasan da ya ari tunanin haɗa taurari, ya gina nasa labarin, bai yi sata ba, a doka ko a al'adar adabi. Ya zama ɓarawo ne ranar da ya kwashi ginin da marubucin ya yi wa tunanin, ya kuma ɓoye sunansa. Marubucin da ya fahimci wannan iyaka zai daina ɓata ƙarfinsa wajen gadin abin da ba ya gaduwa, ya mayar da hankali ga adana shaidar ranar da ya yi rubutunsa, da kuma karanta kowace yarjejeniya da kyau kafin ya sa hannu.